Inna ta daina al'ada, zafin jiki ya hana ta barci

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Don Allah ina neman shawara kan mahaifiyarmu, shekarunta 51, muna nan Sakkwato. Tun da al'adarta ta ɗauke take fama da wani zafi da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, cikin dare kuma zufa ta jiƙa ta sharkaf. Ga zafin bazarar garin nan da ke wuce digiri 40, in an ɗauke wuta kwana take zaune tana fifita.

Likita ya ce isturojin, wato sinadarin jikin mace mai daidaita al'ada, shi ne ya ragu a jikinta, amma ba zai ba ta maganin homon mai maye gurbin sinadarin ba saboda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa.

Yanzu kowa da tasa. Gwaggo ta ce hulba, maƙwabciya ta ce awara, wai waken suya na da wani abu mai kama da isturojin. To abin da ya ɗaure min kai ke nan: in an hana ta na asibiti, mai kama da shi ba zai cutar da ita ba? Ko zoɓo ma ina tsoron ba ta, don yana sauke hawan jini, ita ko tana shan maganin hawan jini.

Akwai wadda ta gwada awarar da sanin likita? Kullum ake ci?