Neman gida a Amurka: me aka faɗa muku a bakin ƙofa?

Uwar Tagwaye:

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Na kawo wannan magana ne domin abin da ya same ni a watan jiya ya ƙi barin raina. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata tara a asibiti ɗaya, kuma ban taɓa jinkirta kuɗin haya ba. Na ga tallar wani gida mai ɗaki biyu kusa da wurin aikina, na kira, matar da ta ɗauki wayar ta yi mini fara'a ƙwarai, ta ce in zo da ƙarfe huɗu. Da na iso da mayafina, ina riƙe da hannun tagwayena, sai murmushinta ya tsaya a leɓe, ta yi ta juya takardar hannunta kamar mai neman abin da ya ɓace, sannan ta ce an riga an ba da gidan tun da safe. Ba ta zage ni ba, har ruwa ta ba yaran. Amma bayan kwana goma tallar tana nan a intanet. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san wanne ya rufe ƙofar ba: launin fatata, ko mayafina, ko yaran, ko kuwa rashin namiji a gefena. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, don Allah ya ba mu labarinsa.

Dattijon Shikago:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya huci zuciyarki. Duk abubuwa huɗun da kika lissafa doka ta hana a hana mutum gida a kansu. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar adalci a harkar gidaje ranar 11 ga Afrilu 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar neman 'yancin baƙaƙen fata, kuma ta haramta nuna bambancin launin fata da addini da asali. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara masu naƙasa da iyalai masu yara. Amma doka tana hana abin da aka furta ne cikin sauƙi, shi kuwa abin da aka lulluɓe da fara'a yana da wuyar kamawa.

Nawa labarin ya faru ne bayan na mallaki gidan, lokacin da nake zaton na haye. Na nemi banki ya sabunta mini bashin gida, sai aka turo mai ƙiyasta daraja. Mutumin bai yi minti ashirin ba. Ya tsaya a falo yana kallon hotunan jikokina da ke bango fiye da yadda ya kalli sabon rufin da na biya da gumina, ya tambaye ni ko ni ne mai gidan, bayan sunana yana kan takardar da ke hannunsa. Da rahoton ya fito, sai na ga ya tsallake gidajen layina, ya kwatanta nawa da waɗansu da ke can ƙetaren babban titi, a unguwar da farashi ya faɗi. Unguwar nan tana cikin irin waɗanda gwamnati ta ja wa jan layi a taswira tun shekarun 1930, wato wuraren da aka ce bankuna su yi hattara da ba da bashi saboda baƙaƙen fata ne ke zaune a ciki. Taswirar ta daɗe da zama tarihi, farashin da ta haifar kuwa yana nan yana bin jikoki.

Na nemi kwafin rahoton, wanda haƙƙina ne a doka, na tattara cinikin gidaje uku na layinmu, na rubuta a sake dubawa. An ɗaga darajar. Daga baya na ji labarin wasu ma'aurata baƙaƙen fata a Marin City ta jihar Kalifoniya da aka ƙiyasta gidansu dala 995,000 a 2020, suka cire hotunansu, wata ƙawarsu farar fata ta tsaya a matsayin mai gida, sai darajar ta kusa kai dala miliyan ɗaya da rabi. Ni ban iya cire hotunan jikokina ba, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɓoye iyalinsa a cikin gidansa kafin a ba shi haƙƙinsa ba.

Dillaliya:

Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in yi magana daga cikin sana'ar, domin shekarata goma sha ɗaya ina dillancin gidaje. Yaya Uwar Tagwaye, abin da aka yi miki ba kuskure ba ne, hanya ce da ake koya ba tare da an rubuta ta ba. A shekarata ta farko wani babba a ofishinmu ya ja ni gefe ya ce in riƙa kai masu saye inda za su "sami natsuwa". Na ɗauki lokaci kafin in gane cewa ma'anarsa ita ce a kai baƙi unguwar baƙi, a kai fari unguwar fari. Kalmomin da ake fakewa da su kullum su ne makarantu masu kyau, unguwa mai kwanciyar hankali, ko unguwar da take canzawa. Haka kuma a nemi baƙin fata ya nuna takardar amincewar banki kafin a buɗe masa ƙofa ɗaya, farin fata kuwa a zagaya da shi gida biyar ba a tambaye shi komai ba.

Jaridar Newsday ta shafe shekara uku tana bincike a Long Island ta jihar Niyok, ta tura mutane bibbiyu, ɗaya farin fata ɗaya kuma ba fari ba, masu kuɗin shiga iri ɗaya wurin dillali ɗaya da kyamara a ɓoye, ta wallafa sakamakon a 2019. Baƙaƙen fata sun fuskanci bambanci a kashi 49 cikin ɗari na gwaje-gwajen. Ban yi mamaki ba, kunya na ji, domin na gane jimlolin da ake faɗa a bidiyon. Babbar ƙungiyarmu ta ƙasa, NAR, ta rubuta a ƙa'idojinta na 1924 cewa kada dillali ya shigo da wani jinsin mutane unguwar da zuwansu zai rage darajar gidaje, ta yi adawa da dokar 1968, kuma sai a Nuwamba 2020 ta nemi gafara a bainar jama'a. Irin wannan wariya ce ta sa dillalai baƙaƙen fata suka kafa tasu ƙungiyar, NAREB, tun 1947.

Batun mata kuma ciwo ne na daban. Mu ne mafi yawa a cikin dillalai, amma manyan kujeru da cinikin manyan gine-gine galibi suna hannun maza. Na taɓa wahalar wata huɗu a kan wani ciniki, ranar sa hannu mai sayen ya miƙa wa abokin aikina hannu ya ce da ni in kawo shayi, kuma babu wanda ya gyara masa zance. Sannan aikinmu yana sa mace ta shiga gidan da babu kowa tare da mutumin da ba ta sani ba. Sau biyu na fita da sauri na bar jakata a ciki. A 2023 shugaban NAR kansa ya sauka bayan jaridar New York Times ta wallafa zargin cin zarafin mata, wanda ya musanta.

Amaryar Bara:

Anti Dillaliya, na gode da wannan gaskiyar. Ni da maigidana an amince mana da bashin gida, saura sa hannu, sai jami'in ya lura ina da juna biyu, ya ce a dakata har in koma aiki bayan haihuwa, alhali na kawo takardar wurin aikina mai nuna ranar komawata da albashin hutuna. Na nemi ya rubuta mini dalilin a takarda, domin dokar 1974 ta daidaito wajen ba da bashi ta wajabta a bayyana wa mutum dalilin hana shi. Bai rubuta ba. Bayan kwana biyu aka kira mu mu zo mu sa hannu.

Wadda ta ɓoye sunanta:

Ni kuwa mai gidan hayar ne da kansa ya takura mini. Da na makara da kuɗin wata ɗaya bayan rabuwar aurena, sai ya fara zuwa da dare da sunan duba famfo, yana buɗe ƙofa da makullinsa, har ya ce akwai wata hanyar biyan haya. Na yi shiru wata uku saboda tsoron a kore ni da yaro a lokacin sanyi, da kuma tsoron bakin mutane. Ban san cewa wannan ma laifi ne a ƙarƙashin dokar gidaje ba sai da wata lauya ta faɗa mini. Saƙonninsa da na adana a waya su ne suka tsaya mini.

Malamin Makaranta:

Ƙanwata, Allah ya saka miki, kuma babu laifinki ko kaɗan a ciki. Ni kuma ina aikin sa kai a wata ƙungiyar kare haƙƙin masu neman gida, inda ake tura mu gwaji irin wanda aka ambata. Ni da wani farin fata aka ba mu labari ɗaya da albashi kusan ɗaya, nawa ma ya ɗan fi nasa. Na je da safe aka ce babu ɗaki sai bayan wata biyu, na fito ina ganin an karɓe ni hannu bibbiyu. Ya je da rana aka nuna masa ɗaki biyu, aka rage masa kuɗin ajiya. Da ba a ajiye rahotonmu gefe da gefe ba, da na rantse an yi mini adalci. Kotun ƙoli ta amince da irin wannan gwaji tun 1982.

Yaya Uwar Tagwaye, ki ɗauki hoton tallar mai nuna kwanan wata, ki rubuta ranar da kika je da abin da aka faɗa miki tun ba ki manta ba. Kina da shekara ɗaya ki kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, da shekara biyu ki shigar da ƙara a kotu, amma ƙungiyar da ke kusa da ke ta fi saurin tura masu gwaji kafin a ba da gidan.

Uwar Tagwaye:

Na gode muku duka, musamman 'yar'uwata da ta daure ta faɗi abin da ya fi nawa nauyi. Na ɗauki hoton tallar yanzu, tana nan har yau, kwana talatin da huɗu ke nan. Na rubuta duk abin da matar ta faɗa, kuma gobe da safe kafin in shiga aiki zan kira ƙungiyar da ke garinmu.