Ubuntu, Linux Mint ko Debian: da wanne sabon shiga zai fara?

Ɗalibi_24:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfuta ce mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 4GB, ana son sa mata Linux (tsarin gudanar da kwamfuta, kamar Windows) a gefen Windows. Wanne ya fi dacewa?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam. Ai duk dangi ɗaya ne: daga Debian aka fitar da Ubuntu, Mint kuma a kan Ubuntu LTS (nau'in Ubuntu da ake daɗewa ana kula da shi) aka gina shi. Da 4GB, ɗauki Mint mai Xfce (fuskar allo mara nauyi), ɗan'uwa. GNOME, wato fuskar allon da Ubuntu ke zuwa da ita, yana cin RAM, da ka buɗe shafuka da yawa sai ta fara nauyi. Mint yana zuwa da Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin kwamfuta. Kunna shi tun ranar farko, in sabuntawa ta ɓata wani abu sai ka koma baya.

Malama_H:
Debian ba ya saurin lalacewa, sai dai manhajojinsa tsofaffi ne. Ubuntu LTS na fitowa duk shekara 2, ana kula da shi shekara 5.

Mai_Gyara:
Kafin komai, adana mabuɗin BitLocker (makullin da Windows ke kulle bayanai da shi), ka kashe Fast Startup (saitin Windows na saurin kunnuwa), in ba ka kashe shi ba Linux ba zai iya rubutu a ɓangaren Windows ba. Sannan ka gwada Linux ɗin daga filas tukuna kafin ka sa shi, ka tabbatar Wi-Fi da sauti suna aiki.