Barikin sojan Rumawa a Ingila, ya aka yi ya kai yau?

Ɗan Gulbi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ke karatu Ingila ya turo mini hotunan wani wuri wai shi Housesteads, ya ce barikin sojan Rumawa ne, duwatsu ne kawai jere bisa tudu ga tumaki na kiwo gefe amma har kuɗi ake biya a shiga. Don Allah masana tarihi, mi ya kai Rumawa can, kuma ya aka yi ba a kwashe kufan ba?

Malamin lise:
Wa alaikumus salam. Sarkin Rum Hadiriyan ne ya sa aka soma ganuwa a 122 miladiyya, ta ratsa arewacin Ingila daga teku zuwa teku, wajen kilomita 117, barikin nan jikinta yake. Soja kamar 800 ne ciki kuma ba ma ƴan birnin Rum ba ne, daga yankin Beljiyam na yau aka ɗebo su. Ka ce ƙanen naka ya duba rumbunan hatsin, bisa ginshiƙai aka ɗora daɓensu don iska ta bi ta ƙasa, yadda muke aza rumbu bisa duwatsu, ga makewayin soja da ruwa ke bi ta ƙarƙashi, wallahi shi ya fi burge ni. Kwasa kuwa ai an kwasa! Manoma sun daɗe suna ɗiba suna gini, sai da wani lauya John Clayton ya dinga sayen gonakin, nan ɗin a 1838 ya saye shi. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ganuwar cikin kayan tarihin duniya a 1987.

Tsohon ɗan Libiya:
Malam a ƙara da na kusa da mu. Bu Njem cikin hamadar Libiya barikinsu ne, an gina shi a 201 zamanin Sarkin Rum Sabtimiyus Sabirus, shi kansa haihuwar Libiya ne, sojan suna gadin hanyar Fezzan da ke kudancin Libiya. Har tsingaro aka tono da rahoton aikin soja rubuce a jiki.

Ƴar Katsinawa:
Ni abin na taɓa mini rai yayana. Su dutse gare su mu laka, damina guda ta isa in babu yaɓe. Tsohon garin Maradi ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hawo tudu, yaran yanzu kaɗan ne za su nuna maka inda yake. Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013, to mu ko hoton tsofaffin zaurukanmu a ɗauka a tambayi dattawa tun suna raye.

Ɗan Gulbi:
Na gode ƙwarai. Malam in kana da lokaci asabar mu je wajen dattawan fada, ni zan zo da waya in ɗauki murya.