Wane gem kuke bugawa kwanan nan? Ni dai na samu wanda sojojinsa ke amsa mini da Hausa

Ɗan_Bagalam:

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son in ji abin da kowa ke bugawa a kwanakin nan, amma bari in fara da nawa, don abin ya tsaya mini a rai kuma ban samu wanda zan yi hirarsa da shi a fadarmu ba. Can kowa ƙwallo ya sani.

Sana'ata gyaran salula da kwamfuta ce, nan kusa da babbar kasuwa. Wata biyu da suka wuce wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya kawo mini kwamfutarsa tana zafi tana mutuwa. Na buɗe, na share ƙurar da ta toshe fanka, na canza man da ke kan furosesa. Da zan gwada ko ta warke sai na ce mishi ya kunna wani abu mai nauyi. Ya kunna Age of Empires III, sabon gyaran da aka fitar a 2020. Ina tsaye bayansa riƙe da sukurdireba, ya danna wani mahayi, sai na ji mahayin ya amsa da Hausa. Na ce mishi sake dannawa. Ya sake. Wallahi Hausa ce. Ba irin harshenmu na nan Maradi ba ne sosai, amma babu kalmar da ta ɓace mini.

Ashe a 2021 sun ƙara wani kashi mai suna The African Royals, suka sa ƙasashe biyu: Habasha da Hausa. Babban birninka Kano ne, jagorarka Sarauniya Amina ta Zazzau. Yau shekara ashirin ke nan ina buga gem, tun zamanin PlayStation 2 da muke tara dala-dala mu je mu tuƙa CJ, tauraron gem ɗin San Andreas, ban taɓa jin an yi harshena cikin gem ba sai ran nan. Ban karɓi kuɗin gyara ba. Na ce ya nuna mini yadda zan same shi, shi ke nan mun biya juna.

Abin da ya fi kama ni shi ne shanu. Turawan cikin gem ɗin, su Faransa da Ingila, itace suke sara, su haƙo zinariya. Bahaushe ma yana yi, amma shi dukiyarsa tana tafiya da ƙafa huɗu. Kana da kasuwar dabbobi, ka bar bijimi ya yi ƙiba, in buƙata ta taso ka sayar ka karɓi itace ko zinariya. In ka yi gaggawa ka sayar da shi yana rame ka yi asara. Da na gane haka sai na tuna kakana, Allah ya jiƙansa, wanda bai taɓa ajiye kuɗi a banki ba, in an ce aure ko rufin ɗaki sai ya kora sa guda kasuwa. Wanda ya tsara wannan ya yi tambaya kafin ya zana, ba zaune ya yi ya ƙaga ba.

Sai kuma wani arziki na huɗu, bayan abinci da itace da zinariya, wanda ni nake kira faɗa-a-ji. Makaranta kake ginawa kusa da fada, sai ya riƙa taruwa, da shi kake ɗaukar sojan haya da mayaƙan maƙwabta. Ga 'yan lifidi, doki da mahayi duk a lulluɓe, irin waɗanda muke gani ranar hawan salla. Ga maharban Fulani. Ga wani ƙaƙƙarfan soja da suka sa wa suna Maigadi. In za ka ci gaba daga zamani zuwa zamani ƙawance kake ƙullawa, ko da Fulani, ko Yarbawa, ko Songhai.

Amma ga inda na tsaya, kuma shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Akwai wani yaƙi na tarihi a ciki mai suna Fall of the Hausa, wato faɗuwar sarakunan Hausa. Kai ne ke jan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Na fara, na yi kamar minti goma, sai na ajiye linzamin kwamfutar. Ina girmama Shehu kamar kowane musulmin ƙasar nan, mun yi karatun littattafansa a makarantar zaure. Amma ni ɗan Maradi ne. Mutanen da gem ɗin ke cewa in kai wa hari, su ne waɗanda suka baro garuruwansu suka zo nan suka kafa mu. Sati uku ke nan ban koma wa wannan yaƙin ba.

To ku fa, me kuke bugawa? Kuma akwai wanda ya gama yaƙin nan ya gaya mini yadda ya ji?

Mai_Gidan_Gem_Zariya:

Wa alaikumus salam. Abokina, ka zo da magana mai nauyi, ni kuwa tawa mai sauƙi ce: ƙwallo, safe da yamma. Ina da tele huɗu da PlayStation 4 uku a shagona, ta huɗun PS3 ce don ƙananan yara. Mac guda dala ashirin, wanda aka ci shi ke biya.

Shekarun baya nan garin PES ne kawai, gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, kowa ya sani. Tun da Konami suka mayar da shi eFootball a 2021 sai yarana suka rabu biyu. Fitowarsa ta farko ba ta yi kyau ba ko kaɗan, fuskokin 'yan wasa kamar an zana su da gawayi, kuma kusan kome sai da intanet. Shi ya sa har yau PES 2021 nake sa wa manya, ana ɗora mishi sababbin riguna da sababbin 'yan wasa, ya ci gaba da aiki. Matasa su kuma FC suke so, wanda da ake kira FIFA kafin EA su rabu da hukumar a 2023. Ni a hannuna FC gudu ya yi mishi yawa, kowa ya ɗauki Real Madrid ya tura wa Mbappé ya ruga. PES kuwa sai ka gina wasa, ƙwallon tana da nauyi, in ka ba da fas ba daidai ba za ka gani.

Babbar damuwata kuran ce. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023, shagona ya kusan mutuwa. Man gurup, wato injin ba da wuta, ya fi abin da nake samu a yini. Da ƙyar na haɗa kuɗin sola da batir biyu, yanzu tele biyu na iya kai ni har sha ɗayan dare. Sauran abin da ke cin kuɗina manet ne, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga gem, yaro in an zura mishi ƙwallo sai ya matse sandar hagu kamar ita ta yi laifi.

Gem ɗinka ban taɓa gani ba. In yana hawa PS4 ka gaya mini.

Hadiza_227:

Yaya Ɗan Bagalam sannu da ƙoƙari. Ni Free Fire nake bugawa a salula, ni da ƙannena biyu da wata ƙawata da ke Zinder. Mutum 50 ake saukewa a tsibiri, cikin kamar minti goma an gama, shi ya sa ya dace da ni, ina iya buga ɗaya kafin shinkafa ta tsotse. Na gwada PUBG, ya fi kyan gani kuma mutum 100 ne, amma salulata ba ta ɗauka, zafi take yi kamar dutsen guga.

Rezo ne ke ɓata mini rai. Ka ga mutum, ka harba, kafin harsashinka ya fita shi ya riga ya kashe ka. Sai bayan sha biyun dare yake daidaita, lokacin kuma inna ta ce a kashe fitila. Kuma ba na buɗe makirfo in ba da 'yan gida nake ba, don da an ji muryar mace sai a bar wasa a koma tambayar lamba.

Abin da ka faɗa na shanu ya burge ni. A salula akwai shi?

Bagobiri_na_Tibiri:

Ɗana, na girme ku duka a nan ina tsammani, shekarata 52, malamin makaranta ne ni, tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. Ɗana na fari ya sa mini wannan gem ɗin a kwamfutar gida, kuma na gama yaƙin da kake magana. Sau biyu ma.

Na fahimci abin da ya tsayar da kai, don ni abin ya fi kusa da ni. Kai Bakatsine ne, ni Bagobiri, da zanen a fuskata. Rigimar daga gidanmu ta fara. Sarkin Gobir Yunfa ne ya yi karo da jama'ar Shehu, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin 1804, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a nan. Ku kuma Katsina ta fita hannun sarakunanku wajen 1807, suka yi ta gudun hijira har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maradi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Mu ma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 ne aka kafa Tibiri. Kilomita kaɗan ke tsakaninmu da ku, kuma abu guda ya kawo mu bakin gulbin nan.

Ranar da na fara bugawa hannuna ya yi sanyi kamar naka. Amma na daure, don ina son in ga inda za su tsaya da labarin. Kuma a nan ne nake da ƙorafi. Ba zagin kowa suka yi ba, ban ga wulaƙanci ba. Sunan ne bai yi mini ba. Wace faɗuwa? Birane sun canza hannu, gaskiya ne. Amma waɗanda aka kora ba su ɓace ba. Sun hau dawakinsu sun yi arewa, sun gina ganuwa, sun naɗa sarakuna, suka yi shekaru da dama suna kai hari kudu. Duk wanda ya tashi a Maradi ya ji sunan Sarki Ɗan Baskore. Wanda ya buga gem ɗin nan a Amurka ko Jamus zai rufe kwamfutarsa yana zaton labarin ya ƙare ranar da aka ci birni, alhali rabinsa na biyu a unguwanninmu aka yi shi.

Duk da haka ina gode musu. Na kai kwamfutar aji rana guda, na nuna wa yara ɗan lifidi a kan allo. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara ya miƙe ya ce kakansa yana da irin rigar dokin nan a cikin wani tsohon adaka, auduga ce aka cusa aka ɗinke. Washegari ya zo da hotonta a salular babansa. Awa guda muka yi kan dalilin da ya sa kibiya ba ta huda lifidi da sauƙi, da kuma dalilin da ya sa mahayin ke tsoron wuta.

Shawarata ka koma ka gama shi. Sannan ka je wajen wani tsoho a unguwarku, Bagalam ba ta rasa su ba, ka ce ya ba ka labarin daga inda gem ɗin ya tsaya.

Ɗan_Bagalam:

Baba Malam, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na karanta amsarka sau uku. Ban san Tibiri bayan Gawakuke aka kafa ta ba, kuma kunya ta kama ni, don ina zuwa can ɗaurin aure kusan kowane wata. Daren jiya bayan isha'i na koma na buɗe yaƙin. Ban gama ba, kuran ta ɗauke ina tsakiya kuma batirin kwamfutata ba ya riƙe fiye da minti ashirin, amma wannan karon ban ji abin da na ji da farko ba. Akwai wani ƙanen kakata da ke zaune kusa da fada, ya haura tamanin, kullum in na je gaishe shi sai ya fara labarin dawakin gidansu ni kuma ina duban agogo. Juma'ar nan zan je da goro in zauna.

Mai Gidan Gem, ba ya hawa PS4, na kwamfuta ne, da linzami da allon rubutu ake buga shi. Amma ina iya kawo tawa shagonka wata Lahadi mu haɗa da tele yara su gani. Ka tara mini manet ɗin da suka lalace, sau da yawa ba sai an sayi sabo ba, sandar kawai ake canzawa, ina da su a shago.

Ƙanwata Hadiza, wannan mai Hausar babu shi a salula. Zancen zafi kuma, ki cire rigar salular in za ki buga, kada ki buga tana caji, ki rage ingancin hoto zuwa na ƙasa cikin saitin gem ɗin. In ba ta daina ba ki aiko ƙanenki da ita in duba batirin, don in ya fara kumbura bai kamata ki ci gaba da riƙe ta kusa da fuska ba.

Mai_Gidan_Gem_Zariya:

Lahadi bayan la'asar ta yi. Manet biyar ne ke jiranka cikin kwali. Malam, in kana gari kai ma ka zo, kabu-kabu daga tasha ka ce a kai ka unguwar Zariya wajen gidan gem mai sola bisa rufi, shayi a kaina.