Muhawara a Zauren 'Yan Wasa: Ina Kurmin Cyrodiil Ya Tafi?

Ɗan Autan Ringim: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da jerin wasannin kwamfuta na The Elder Scrolls, kuma yau zan faɗe shi ko da za a ce na cika ƙorafi. A ɗan littafin jagora da aka fitar tare da wasan Redguard a shekarar 1998, an bayyana cewa mafi yawan lardin Cyrodiil, wato cibiyar daular da ke cikin labarin wasannin, kurmi ne mai yawan koguna. Wasan Morrowind na 2002 ma ya maimaita haka. Amma da Oblivion ya fito a 2006 aka kai mu lardin, sai muka tarar da filayen ciyawa da dazuzzuka irin na ƙasashen Turai. Da aka yi wa masu wasan magana, sai aka ce ai sarki Tiber Septim ne ya sauya yanayin ƙasar da ikonsa. To, wasan The Elder Scrolls Online na 2014 yana faruwa ne a shekara ta 582 ta zamani na biyu a lissafin duniyar wasan, tun kafin a haifi wannan sarki, kuma a can ma babu kurmi. Ni a ganina marubutan nan ƙarya suka shara mana, kuma raina hankali ne ga duk wanda ya ɓata lokacinsa yana karanta littattafan cikin wasan.

Malamin Firamare, Ɗambatta: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka janye kalmar ƙarya, domin ba a wurinta ka ajiye ta ba. Maƙaryaci shi ne wanda ya san gaskiyar wani abu da ya auku sannan ya faɗi saɓaninta. Cyrodiil ba ta cikin taswirar duniya, marubuta ne suka ƙage ta, saboda haka iyakar abin da za ka zarge su da shi shi ne sauya ra'ayi.

Mai Shagon Caji, Kazaure: Malam, da girmanka, ban yarda da wannan ba. Idan mutum ya ce maka abu fari ne, gobe ya dawo ya ce baƙi ne, sannan ya ƙi amincewa cewa ya sauya magana, ya ƙirƙiro wani dalili don ya rufe, wane suna za a ba wannan in ba ƙarya ba?

Malamin Firamare, Ɗambatta: Ka tuna yadda iyayenmu mata ke rufe tatsuniya. Sukan ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, kuma babu yaron da ya taɓa tashi ya tuhumi kakarsa, domin mai faɗa da mai saurare duk sun san a kan me suka zauna. Irin wannan yarjejeniyar ce tsakaninmu da masu rubuta wasa.

Mai Shagon Caji, Kazaure: Kaka ba ta karɓar kuɗi a hannun jikokinta, Malam. Su waɗannan sayar da wasan suke yi, kuma tarihin duniyar yana cikin abin da suke tallatawa.

Yayar Zaure, Birnin Kudu: Ina roƙon a saurare ni, domin akwai abin da ku duka biyun kuka tsallake. Littattafan da ke cikin waɗannan wasanni ba muryar kamfani ba ce, an rubuta su ne da sunan mutanen cikin duniyar, kuma kowane da son zuciyarsa. Shi kansa littafin jagorar na 1998 an tsara shi ne a matsayin rubutun jami'an daula masu kambama sarkinsu da ƙasƙantar da sauran ƙabilu, har akwai wani matafiyi da ya yi ta rubuta raddi a gefen shafukan. A wasan 2014 kuwa an sanya littattafai biyu na wasu masana masu adawa da juna: ɗaya ya ce mai kwafar tsohon rubutu ne ya yi kuskure har kalmar kurmi ta shigo, ɗayar kuma ta ce hasumiyar da ke tsakiyar babban birnin ce take daidaita yanayin ƙasar da halin waɗanda ke mulkinta. Idan akwai mai ƙarya, to marubucin cikin labarin ne, kuma da gangan aka yi shi haka. Wannan ruwaya ce mai saɓani, kuma ita ce ta sa ni nake son wannan duniya fiye da saura.

Ɗan Autan Ringim: Yaya, wannan bayani ai bayan an kama su aka kawo shi. Ni tambayata a kan shekaru take, babu wanda ya taɓa ta har yanzu.

Ɗalibin Gwarzo: A bar zancen ruwaya. Gaskiyar magana ita ce tun daga Morrowind ba su sake yin wasa mai zurfi ba. Duk abin da ya yi musu wahalar ginawa sai su cire shi su nemo hujja. A Morrowind akwai sihirin tashi sama, a Oblivion aka cire, aka ce wai an kafa dokar hana shi a shekara ta 421 ta zamani na uku, alhali Morrowind a shekara ta 427 yake faruwa kuma kowa yana tashi abinsa. Waɗanda suka fara da Skyrim, wasan da ya biyo bayan Oblivion, ba za su gane abin da aka rasa ba.

Mai Shagon Caji, Kazaure: Kada ka shigo da Skyrim cikin wannan magana. Wasan da ya fito tun 2011 kuma har yau ake buga shi a ko'ina ba sa'an Morrowind da sai ka yi ta kai wa abokin gaba sara kana kuskure ba ne. Kuma ina so ka faɗa wa zaure gaskiya, ka taɓa kai Morrowind ƙarshe, ko a YouTube ka kalla?

Ɗalibin Gwarzo: Wannan tambaya cin fuska ce. Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya san ba kowa ke da kwamfuta da wutar da zai yi dogon wasa ba, kuma rashin wuta bai hana mutum karatu ba. Na karanta abin da kai ba ka karanta ba, duk da kana zaune kusa da janareta dare da rana.

Mai Shagon Caji, Kazaure: Ke nan ba ka gama shi ba. Wanda bai gama wasa ba, bai kamata ya riƙa raba wa mutane daraja a kansa ba.

Malamin Firamare, Ɗambatta: Ku yi haƙuri da juna. Game da dokar tashi sama, lardin Morrowind ya shiga daula ne ta hanyar sulhu, an bar masa dokokinsa na gargajiya, don haka ana iya cewa dokar ba ta hau kansa ba. Sannan a kudancin Cyrodiil, wajen garin Leyawiin, akwai fadamu da surƙuƙin daji a cikin Oblivion ɗin kansa. Wannan ya ƙara nuna cewa kalmar ƙarya ta yi nauyi.

Ɗalibin Gwarzo: Malam, kullum kai ne lauyansu. Wasan Daggerfall na 1996 yana da ƙarshe daban-daban, gwargwadon wanda ɗan wasa ya mara wa baya. Maimakon su zaɓi guda, sai suka ce lokaci ne ya tsage, dukkansu suka faru a tare. Wanda ya tanadi irin wannan hujja, babu kuskuren da za a sake kama shi da shi har abada, kuma wannan rashin adalci ne ga mai bin labari.

Yayar Zaure, Birnin Kudu: Ni kuwa a wurina wannan girmama ɗan wasa ne, domin ba a ce wa kowa zaɓinsa ya tashi a banza ba. Amma na lura tun da na yi magana babu wanda ya amsa hujjata, sai faɗa a kan wanda ya fi wani zama gaban kwamfuta.

Ɗan Autan Ringim: Ni ma da na kawo maganar an bar ni a baya. Ba zan janye kalmata ba sai an nuna mini yadda sarkin da ba a haifa ba ya share kurmi.

Shugaban Zaure, Bichi: Jama'a, dare ya yi, zan taƙaita abin da na fahimta. Mafi rinjayen masu hankali a zauren nan sun tafi a kan cewa kalmar ƙarya ba ta dace ba, kuma Malam ya tabbatar da haka da hujjojin da babu wanda ya iya turewa. Bayanin Yaya a kan littattafai biyun nan ya ƙara ƙarfafa matsayin Malam. Ɗan Auta yana da ɗan abin dubawa a kan shekaru, amma zafin kai ya rage wa maganarsa ƙima. Abin da ɗalibinmu na Gwarzo ya kawo kuwa ba zan lissafa shi ba, tunda ya kasa tabbatar mana cewa ya gama wasan da yake yabo, kuma suka ga Skyrim ba tare da dalili ba abu ne da na daɗe ina hanawa a nan, domin shi ne wasan da ya haɗa yawancinmu. Daga yau duk wanda zai zargi marubutan wasa da saɓani, ya kawo sunan littafin cikin wasan da wurin da ya same shi. Na rufe wannan batu, kuma saƙon da ya biyo baya a kansa zan goge shi.