Abin da na tsinta a hirar tafiya Wadi Disa

Jiya bayan isha muna zaune wajen shayi a Jidda sai maganar zuwa Wadi Disa ta taso, kwarin nan na yankin Tabuk a arewacin Saudiyya mai jajayen duwatsu da dabino da ruwa na gudu a ƙasa. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, ga abin da na riƙe.

Kan lokaci babu gardama, Nuwamba zuwa Maris, lokacin zafi kam wahala ce zalla. Amma fa sanyin daren arewa ba irin namu na Jidda ba ne, a dutsen Jabal Lauz na can yankin ma ƙanƙara na sauka wasu shekarun, don haka a ɗau bargo mai kauri.

Mota ce aka fi daɗewa a kai. Wani kawunmu direba, da ya sha bin hanyar Yanbu, Umluj, Wajh har Duba, ya ce ƙaramar mota iyakarta bakin kwari, ciki yashi ne da ruwa sai mai fowil, kuma motoci biyu sun fi ɗaya don in ɗaya ta kafe ɗayar ta ja ta, a cika tanki a Duba, ruwan sha ya fi yadda kuke zato. Ya ce kar a kafa tanti a tsakiyar kwari, ana iya ruwa can nesa ambaliya ta iske ku kuna barci, ni wannan ce ta fi tsorata ni wallahi.

Sabis na ɗaukewa, a sauke taswira tun a gida, a gaya wa iyali ranar dawowa. Iƙama, wato katin izinin zama, a aljihu. Itace kuma kar a sara, akwai tara, a sayi gawayi.