Muhawara: Shin azumi yana tsiro da dasashin da ya janye?

Malamar jinya, Yamai: Ana ta yawo da wani saƙo a WhatsApp cewa azumin awa 16 yana kunna otofaji, wato sharar da ƙwayar halitta ke yi wa kanta, dasashi ya dawo, haƙorin da ya rube ya cike. Dakta, me ka gani?

Likitan haƙori: Hajiya, batun ramin haƙori ƙarya ne. Farin ɓawon haƙori kusan kashi 96 cikin ɗari ma'adini ne, babu ƙwayar halitta mai rai a cikinsa. Wa zai yi gyaran?

Malamin kimiyyar halittu: Kada dai a zubar da maganar duka, Dakta. Otofaji gaskiya ce, a kanta Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar Nobel a 2016. Ƙwaya tana naɗe sassanta da suka lalace cikin 'yar jaka, ta kai wa laisosom, wato wurin narkewa na cikin ƙwayar, ya narke su, a sake amfani da kayan. Ƙarancin abinci yana rage aikin mTOR, sinadarin da ke taka wa otofaji birki, sai sharar ta ƙaru. Ƙwayoyin odontobilas da ke gefen ɓargon haƙori ba sa rabuwa, da wannan shara suke daɗewa suna saƙa sabon dantin, wato sashen haƙori da ke ƙarƙashin farin ɓawo. A 2020 an bai wa tsofaffin ɓeraye rapamaisin, maganin da ke rage aikin mTOR, na mako 8, ƙashin da ke riƙe haƙori ya ƙaru.

Likitan haƙori: Ɓeraye, Malam. A mutane wannan maganin gyambon baki yake kawowa, yana kuma jinkirta warkewar rauni. Sannan ba kullum otofaji ke taimako ba: Porphyromonas gingivalis, ƙwayar cutar dasashi, tana iya fakewa cikin jakar nan ta hana a kai ta wurin narkewa. Ostiyokilas masu cin ƙashi ma da sunadaran otofaji suke aiki.

Malamar jinya: Ni abin da ke ci mini rai yaranmu ne. In yunwa ce ke gyara baki, me ya sa cutar noma take cin kumatun yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa?

Malamin kimiyyar halittu: Nan na bi ki, Hajiya. Sake sarrafa tsoho ba ya kawo sabon kaya. Kolajin, zaren da ke riƙe naman dasashi, yana buƙatar furotin da bitamin C.

Likitan haƙori: Mai jinin dasashi ya zo a auna zurfin tsakanin haƙori da dasashi. Zurfin milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Daga 4 zuwa sama sai an kankare tsatsar da ke ƙarƙashin dasashi, a sake aunawa bayan mako 6 zuwa 8. Mai azumi kuma miyau yana raguwa, sai ya dage da aswaki da buroshi bayan sahur.